Kawu Ya Tafi Da Taken Ubana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a ɗakinsa na haya a unguwar Borokiri, kuma kafin a gama yi masa wanka hotonsa ya riga ya zaga Fatakwal, ya haye Anaca, ya isa Inugu. Ni da ke riƙe da butar wankan ban sanar da kowa ba tukuna, amma wayata sai kuka take a aljihu, ana yi mini ta'aziyya har daga garuruwan da Kawu bai taɓa takawa ba. Ɗansa ne ya saki hoton. Ya rubuta a ƙasa cewa al'ada ta yi babban rashi, ya jera fuskokin nan masu hawaye. A lokacin ko likkafani ba a gama ɗinkawa ba.

Wurin jana'iza abin ya fi muni. Ana fito da makara samari suka ɗaga wayoyi sama kamar masu neman sabis, wani har da hawa bencin mai shayi. Sai da liman ya juyo ya ce, "Jama'a, salla za mu yi, ba fim ba. Kowa ya mayar da abarsa aljihu." Suka mayar, amma da idona na ga wanda ya bar kan tasa yana leƙowa daga aljihun gaba. Mutanen da na san Kawu ya daina amsa sallamarsu tuntuni su ne a sahun farko, suna cewa uba ne a gare su. Maƙwabciyarsa, wata tsohuwa 'yar gari mai sayar da busasshen kifi, ita ce ta faɗi gaskiya da Turancin kasuwa, ta ce, "Dat Papa, im mouth bad but im hand good." Bakinsa ba daɗi, hannunsa kuwa da alheri. Tsofaffin mahauta, waɗanda su rashin ya fi shafa, suna tsaye a gefe. Sai da muka dawo daga maƙabarta ɗayansu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ba shi kaɗai muka rufe ba. Da mu da iyayenmu duk muna cikin ramin nan."

Na gane abin da yake nufi, don nawa uban ma yana ciki. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma gara in faɗa tun yanzu, raina a ɓace yake. Mai neman ta'aziyya mai sanyi ya koma wayarsa, suna can birjik.

Kawu makaɗin kalangu ne, makaɗin mahauta. Da kalangunsa ya sauko Kudu yana saurayi, ya biyo masu shanu, ya zauna Inugu, ya taɓa Anaca, sannan ya yada zango a Fatakwal har ƙarshen ransa. Aikinsa take. Kowane mahauci yana da nasa, ɗan gajeren kiɗa da ba na kowa ba sai shi. Da sassafe Kawu zai kifa bokiti a bakin kwata ya zauna, kalangu a hammata, goro a kunci. Mahauci na shigowa sai ya sakar masa takensa, mutum ya tsaya cak, ya ɗaga wuƙa sama, ya yi kirari, sannan ya wuce aikinsa. Da haka kowa ke sanin wa ya iso, ɗan wa ne, kuma daga wane gida ya fito a Arewa. In mahauci ya mutu sai a ajiye takensa. Ba a ƙara kaɗa shi sai ranar da magajinsa ya tsaya gaban makaɗi da wuƙar fawa a hannu, a kaɗa masa, ya zama nasa. Duk waɗannan, na masu rai da na matattu, a kan Kawu suke.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, kada wani ya gyara masa hali don ya mutu. In ka gaishe shi a tsaye ba zai amsa ba, in ka durƙusa ya ce ka tare masa iska. Ya shekara da shekaru a bakin ruwa amma bai taɓa sa kifi a bakinsa ba, wai ciyawar ruwa ce. Waya kuwa sunan da ya sa mata munafuka. Yakan ce, "Tana kwance a aljihunka tana jin maganarka tana kai wa mutane, kai kuma kana ba ta wuta ta sha." In ka je wurinsa akwai wani tsohon kwanon sha a bakin ƙofa, nan za ka jefa wayarka kafin ka shiga, ko kai wane ne.

Amma ga abin da maƙwabciyar nan ke nufi. Mahaifina mahauci ne, ya rasu ina ƙarami, ya bar Inna da mu a ɗaki ɗaya. A al'adar kwata makaɗi yana da rabonsa, kowa ya yanka sai ya jefa masa tsoka ko hanta. Tun daga rasuwar mahaifinmu har muka girma, rabon nan gidanmu yake zuwa. Kawu zai zo da hantsi ya rataye ƙunshin naman a ƙusar ƙofarmu, ba ya shiga, ba ya jiran godiya. In ya tarar da mu a waje sai ya ce, "Ku dube su, manyan kawuna kamar kabewa, sai ci." Ya wuce abinsa. Sai da na yi hankali na san cewa a shekarun nan gidansa miyar kuka lami ake sha, matarsa har yaji ta yi a kan haka.

Rigimarmu ta farko a kan wuƙa ce. Ni ban yi fawa ba. Warin jini na tayar mini da zuciya tun ina yaro, na kama sayar da albasa a kasuwar Mile 3, kuma har gobe ban yi nadama ba, da albasar na aurar da ƙannena. Da na yi aure na je na durƙusa na ce, "Kawu, ina so in ji taken mahaifina. Ban riƙe shi ba, ina ƙarami."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ina wuƙar?"

Na ce, "Tana wurin Inna a ajiye."

Ya ce, "To taken ma yana wurina a ajiye. Tashi ka ba ni wuri, ɗan albasa, kana sa mini hawaye."

Daga ranar sunana ke nan a bakinsa. Na yi fushi na ɗauke ƙafa, shi kuma ko a jikinsa.

Allah da ikonsa, babban ɗana ya tashi da son fawa. Ba wanda ya tura shi, da kansa ya bi mahauta, ya koyi fiɗa, ya iya daddatsa nama har tsofaffi na yabonsa. Ranar da Inna ta ba shi wuƙar kakansa ya kai wa Kawu ya gani, ban taɓa ganin tsohon nan haka ba. Ya juya wuƙar, ya shafa ƙotar. Sannan ya ce, "Jini ya tsallake albasa ya dawo gida. Ranar aurenka zan tsayar da kai gaban jama'a in kaɗa maka taken kakanka." Ni ma ya harare ni ya ce, "Kai kuma ka tsaya daga baya ka ji a banza." Wallahi na ji daɗi kamar an ba ni kujerar Makka. Abin da nake nema tun ina saurayi ya zo, ko da ta hannun ɗana ne.

Sai ɗan Kawu ya shigo cikin maganar. Taubashina ne, tsakaninmu akwai wasa, kuma da wannan wasan yake fakewa ya yi duk abin da ya ga dama. Ya ƙi koyon kalangu, wai hammata ke tsami. Abin da ya iya shi ne riƙe waya a gaban fuskarsa yana surutu, yana da shafi a intanet, yana da mabiya, kuma kullum maganarsa ita ce yana adana al'ada. Ya sha cewa ubansa, "Baba, duniya ta canza. In ba a ɗauke ka ba, abin nan zai mutu da kai. Yanzu yaro a Zinder zai iya koyon kiɗanka yana kwance a ɗakinsa." Kawu yakan ce, "Yaron da ke kwance me zai yi da take? A tsaye ake karɓarsa."

Ba zan ce duk maganar taubashina shirme ba ce. Na ga samarin da suka zo leburanci daga ƙauye suna sauraren kiɗan garinsu a waya suna share hawaye, na ga wanda ya koyi ɗinkin hula daga bidiyo. Amma shi ba wannan ne a gabansa ba, yawan masu kallo yake nema.

Akwai wani dattijon mahauci da ya rasu, mutum mai daraja, wanda ya sauki rabin mahautan garin nan a gidansa lokacin da suka zo ba su san kowa ba. Da ɗansa ya karɓi wuƙa aka taru a kwata, Kawu ya kaɗa masa taken uban. Taubashina na cikin taron, ya ɗauka a waya a ɓoye, ya saka a shafinsa. Kiɗan yana da daɗi, yana da wata 'yar tsalle a tsakiya. Wani can da ba mu san shi ba ya yanko tsallen nan ya ɗora a kan bidiyon wani bunsuru da ya kuɓuce a kasuwa yana tuma. Shi ke nan. Kafin ka ce me, kiɗan ya cika gari. 'Yan keke na sa shi, 'yan mata na rawa da shi, a Mile 3 wani yaro mai tura baro ya ji shi a wayar wani ya ce, "Na dat goat beat!" Kiɗan akuya. Taken mutumin da ya ciyar da unguwa guda ya koma kiɗan akuya, kuma ɗansa na tsaye kan teburin nama yana jin wayoyin masu saye suna ringin da shi.

Iyalan suka zo wurin Kawu. Ba su yi zagi ba, da sun yi ma da ya fi sauƙi. Babban ɗan ya ce, "Baba, amana muka ba ka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, suka tashi.

Ina wurin lokacin da Kawu ya kira ɗansa. Ya ce, "Cire shi."

Taubashina ya ce, "Baba, na goge nawa. Amma ya riga ya shiga duniya, ba ya ciruwa. Kuma fa ka duba, mutane nawa ne suka ji kiɗanka yanzu? Da wa ya san ka bayan kwata?"

Kawu ya tashi. Ya miƙa hannu ya ɗauko kalangun, ya ɗauko reza, ya bi tsarkiyar nan yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya har fatun biyu suka faɗo ƙasa. Ya rataye icen a ƙusa. Na ce, "Haba Kawu! Auren yaron nan fa?" Ya ce, "Ku kira mai sifika."

To a nan ne nake da magana da marigayi, kuma zan faɗe ta ko da za a ce ban da kunya. Kawu, ɗanka ne ya yi laifi, mu ka hukunta. Ɗana me ya yi maka? Ya ɗauki wuƙar da ka ce a ɗauka, ya tsaya inda ka ce a tsaya. Na yi sintiri a ƙofarka har kwanon nan ya san wayata. Na ce a rufe ɗaki daga ni sai kai sai yaron, ka ce bango ma yanzu yana da kunnen waya. Na turo liman, ka ce masa ya tsaya a kan abin da ya karanta. Na ce to ka koya wa wani, akwai wani makaɗi da ya zo daga Arewa yana zaune a Inugu, hannunsa na da kyau, ka ce ka ga hotonsa yana kiɗa yana kallon waya yana murmushi, ba za ka ba shi ko taken kaza ba. Gidaje nawa ka riƙe wa amana, ka tafi da ita don haushin mutum ɗaya? Kai da ɗanka kun haɗu kun kashe abin nan, shi ya watsar, kai ka binne.

An sa auren ɗana bayan babbar salla. Ina ta lallashi ina cewa zuciyarsa za ta sauko kafin lokacin, sai ciwon ƙafa ya kwantar da shi, daga nan bai tashi ba.

Bayan sadakar uku taubashina ya ja ni gefe, yana wani murmushi kamar wanda ya tsinci abu. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, taken mahaifinka yana hannuna." Ashe tun da Kawu ya tsinke kalangu, hannunsa bai daina motsi ba. Da hantsi in ya zauna shi kaɗai yakan jawo bokitin nan yana kaɗawa da yatsu. Shi kuma ɗan nasa sai ya riƙa tura waya ƙarƙashin gado ya fita. Ya tara su da yawa. Ya ce, "Ka ga amfanin abin da kuke zagi? Ba don ni ba da shi ke nan." Na so in mare shi, amma sai wani tunani ya zo mini. In har taken na ciki, makaɗin Inugu zai iya ɗauka da kunne ya kaɗa wa ɗana ranar aure.

Matsalar ita ce ba suna. Kiɗa ne kawai a kan bokiti, wannan na bin wancan, ba wanda ya ce ga na wane. Na kai wa tsofaffin mahauta, sa'o'in mahaifina duk sun mutu, waɗanda suka rage suka saurara suka ce su dai ba su ji nasu a ciki ba. Sai na ce bari mu je Anaca. Inna na can wurin ƙanwata kusa da kasuwar Ose Okwodu, ƙafa ta hana ta zuwa jana'izar yayanta, dama wajibi ne mu je mata ta'aziyya. Taubashina ya biyo ni, don goggonsa ce.

Muka same ta da rana a tsakar gida, faranti a cinya tana tsince shinkafa. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka yi kuka. Ban taɓa yi wa Inna maganar taken mahaifina ba, akwai nauyi, ita da ko sunansa ba ta faɗa. Ranar dai na daure na ce, "Inna, akwai kiɗan Kawu a wayar nan. Ko za ki saurara, ko na marigayi na ciki?"

Ta ce a kunna. Ta saurari na farko, ta saurari na biyu, ta sa aka wuce gaba. Can sai na ga kafaɗunta na rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce da hawaye tare. Ta ce, "Kai, Yaya! Yaya ke nan har kabari." Ta dubi taubashina ta ce, "Kai ɗan nan, ubanka ya san ka sa abar nan a ɗakinsa. Wannan ai kiɗan koya wa yara hannu ne, wanda ake ba ɗan koyo ya yi ta bugu a kan ƙwarya. Babu taken kowa a nan. Wasa ya yi da hankalinka."

Taubashina ya yi tsuru-tsuru. Ni kuwa na ji kamar yau aka yi rasuwar.

Inna ta share ido da bakin mayafi, ta dubi farantin. Sai ta ce, kamar ba da mu take ba, "Na mahaifinku ba haka yake ba. Duk safiyar salla a ƙofar ɗakinmu Yaya ke tsayawa ya kaɗa shi, ina ciki ina ji." Ta ture shinkafar gefe guda, ta ɗora yatsu a kan farantin, ta fara.

Bugu ne mai nauyi, a hankali, sai ya ɗan ja baya kamar mutum zai ɗaga kaya, sannan ya taho. Ban san na san shi ba sai da na ji shi. Na ga ƙafafun mahaifina a bakin ƙofa, na ji ƙamshin sabuwar shaddarsa. Ina bin yatsunta da ido, kiɗan na hawa, ya kusa inda zai juya.

Sai ta ɗaga kai. Taubashina ya miƙo waya saitin hannunta, jan ɗigon nan na ƙiftawa.

Yatsunta suka tsaya. Ya ce, "Goggo ci gaba, ci gaba, don tarihi ne!" Na fizge wayar na yi jifa da ita cikin kwatami, na ce ya fita kafin in yi abin da za a kira 'yan sanda. Ya fita yana cewa ni baƙauye ne, za mu yi nadama. Na dawo na durƙusa na ce, "Inna, ya tafi. Ci gaba."

Ta mayar da yatsu ta faro daga farko. Ta zo daidai wurin ta tsaya. Ta sake, ta tsaya a nan. Ta dube ni ta ce, "Ya kuɓuce mini. Ɗazu yana hannuna, ban ma san ina da shi ba. Yaron nan ya katse ni, ya gudu."

Na kwana biyu a Anaca, na koma bayan nan ba sau ɗaya ba. Kullum ta ɗauki farantin, kullum a wuri guda take tsayawa, har ta ce in daina sa ta, yana sa mata ciwon kai.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya yafe maka, ya sa naman da ka rataye a ƙofarmu ya tsaya maka ranar da ba mai tsaya wa wani. Na yafe maka zagin, sauran kuwa ina ƙoƙari. An ɗaura auren ɗana. Na kai wa makaɗin Inugu rabin taken da na riƙe daga yatsun Inna, ya ce zai iya ƙirƙiro ƙarshen ba wanda zai gane, na ce a'a, ba zan ba ɗana taken ƙarya ba. Ranar ya tsaya gaban jama'a ya ɗaga wuƙar kakansa sama, kalangu ya taho da nauyinsa, ya hau, ya zo inda zai juya, ya yi shiru. Yaron ya tsaya da hannu a sama yana jiran sauran, ya waiwayo yana dubana. Na ce masa, "Sauke hannunka. Iya abin da suka bar mana ke nan."